Gaɓarmu Ta Zaftare, Ofishinku Yana Cewa Lafiya Lau

Zuwa ga mai girma Shugaban Ofishin Lura da Gulbi da Fadamu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a.

Sunana Umaru Sambo. Malamin firamare ne ni a Tungar Giyayya, wani ƙauye da ke bakin gulbi a ƙasar Kalgo, ta wajen Diggi. A nan aka yanke cibiyata. Ubana masunci ne, kakana ma haka. Na rubuto maka a jarida, inda kowa zai karanta, domin na yi ta zarya zuwa ofishinka ban taɓa wuce bencin masinja ba. Ko ka tafi taro, ko kana da baƙi, ko ka fita yanzun nan. Abin da zan faɗa ba ji na yi a kasuwa ba. Da idona na gani, kuma wani sashe nasa da bakina aka yi shi.

Na farko, ina so in tuna maka yadda kuka zo mana.

Tun muna ƙarƙashin Sakkwato ne, ba a ba mu jiha ba tukuna, a bayan shekarun nan da ruwa ya yi ƙaranci har gulbi ya koma kamar ƙorama. Wata rana da rani motar ofishinku ta tsaya a gindin tsamiyar kasuwarmu. Wani saurayi ma'aikacinku, Malam Nasiru, ya fito da manyan hotuna biyu a nannaɗe kamar tabarma. Hausarsa ta makaranta ce, tsofaffinmu ba su kama ta sosai, sai mai gari ya aika aka kira ni daga aji domin in riƙa mayar musu da maganar yadda za su ji.

Nasiru ya shimfiɗa hotunan a ƙasa, aka danne gefunansu da duwatsu. Ya ce wata na'ura ce da ake kira tauraron ɗan'adam ta ɗauko su daga can sama, inda tsuntsu ba ya kaiwa, kuma tana wucewa ta kanmu a kai a kai, rani da damina. Ya ce a irin wannan hoto duk ɗanyen ganye ja yake fitowa, ruwa mai zurfi baƙi, yashi da fako kuma fari. Hoto na farko tsoho ne, an ɗauke shi tun ina ɗan makaranta. A cikinsa gulbi baƙi ne siɗik, ga jan layi mai kauri ya bi shi hagu da dama. Itatuwan gaɓa ke nan: giyayya da malmo da kanya da bagaruwa. A hoto na biyu, sabon, jan layin ya tsinke nan da can kamar tsohon zare, fari ya ci wurinsa, tafkunan da kifi ke ƙwai a cikinsu sun ɓace.

Sarkin ruwanmu, marigayi Baba Ɗan-Ige, ya durƙusa ya daɗe yana bin baƙin layin da yatsa. Da ya kai wata lanƙwasa sai ya tsaya ya ce, "Wagga ai gaɓarmu ta. Ashe haka ta rame?" Ba wanda ya yi dariya. Duk mun san itatuwa suna ƙarewa, amma wanda yake tare da mara lafiya kullum ba ya ganin ramarsa. Ran nan muka gani gaba ɗaya.

Ba zan manta da abin da Nasiru ya ƙara ba, domin ni na fassara shi. Ya ce, "Hoton nan ido ne kawai. Yana nuna inda ganye yake, ba ya cewa ganyen mene ne. Sai mutum ya taka da ƙafarsa ya je ya duba." Kuma ya aikata abin da ya faɗa. Ya kwana a zauren mai gari, ya bi gaɓar nan da ƙafa da jirgi, hoto a hammata, yana tambayar sunan kowace bishiya da kowace ciyawa.

Na biyu, abin da kuka nema a wurinmu, da abin da muka bayar.

Kun ce a bar wa gulbi bakinsa. Aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa, aka ce daga nan zuwa ruwa kada a yi noma, kada a sari itace, shanu kuma su riƙa sauka ta mashaya ɗaya tak. Ranka ya daɗe, wataƙila a takarda wannan ɗan zirin ƙasa ba komai ba ne. A wurinmu shi ne tsokar gona. A nan ake albasa da tumatir da dankali da rani, lokacin da tudu ya bushe ƙayau. Da shi gwauro ke aure, da shi matar da mijinta ya mutu ke ciyar da marayu.

Mutane suka ƙi. Nasiru ya zo wurina ya ce, "Malam, kai suke ji." Na yarda, domin na gamsu da abin da na gani, kuma har yau a gamse nake. Na bi gida gida. Bayan sallar la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na yi magana. Garba Mai-albasa, wanda lambun ubansa ya fi na kowa girma a gaɓar, ya tashi ya ce, "Malam, in mun bar ta, ta wa za ta zama?" Na juya na tambayi ma'aikacinku, na mayar wa Garba da amsarsa a gaban liman: ta gulbi ce, ta kowa da kowa, ba mai sa mata fartanya har abada, talaka ko basarake. Garba ya ce, "To, don kai na bari." Da ya bari, sauran suka bi.

Ardo Buba, wanda danginsa ke zaune a makiyayar da ke wajen Dodoru ta ƙasar Gwandu, tun kakanninsa suke kawo shanu fadamarmu da rani su ci ciyawar burgu. Shi ma ya yarda ya riƙa zagaye mai nisa da garkensa domin kada su tattake dashe. Wanda ya san yadda saniya mai ƙishirwa take idan ta ji ƙanshin ruwa ya san ba ƙaramin alkawari ba ne.

Kuka kawo mana dashen bagaruwa da giyayya, muka haƙo ciyawar jema daga fadama muka kafa ta a bakin ruwa domin saiwarta ta riƙe ƙasa. Shuka abu ne mai sauƙi, ban ruwa da rani shi ne aikin. Mata ne suka ɗauke shi. Mai ɗakina, Saratu, ita ta shige gaba. 'Yar Gwandu ce, ba ta tashi a bakin ruwa ba, har ta bar duniya ba ta shiga jirgi ba tare da ta rufe ido ba. Amma kullum da hantsi da yamma tana gaɓar nan da tulu, ita da maƙwabtanta, suna bin dashe ɗaya bayan ɗaya. Idan akuya ta ci kan wani, ta dawo gida ranta a ɓace kamar an daki ɗanta. Na taɓa ce mata ta rage, ga goyo ga aikin gida. Ta ce mini, "Kai ka sa mutane suka bar abincinsu. In itacen nan ya mutu, da wane ido za ka dube su?"

Itacen bai mutu ba. Bayan 'yan damuna ya fi tsawon mutum, jema ta yi duhu, masunta suka fara ganin 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa a cikin saiwoyi. Nasiru ya dawo da sabon hoto ya shimfiɗa a gindin tsamiya, muka ga jan layinmu ya fara haɗewa. Mata suka yi guɗa. A kakar waccan shekara zazzaɓi ya kama Saratu, bai sake ta ba. Muka kai ta maƙabartar gari, wadda ke bayan itatuwan da ta shayar.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Da aka ba mu jiha, aka yi sauye-sauyen ma'aikata. Aka ɗauke Nasiru aka kai shi wani gari can bakin iyaka, inda ba gulbi ba fadama. Kai kuma aka kawo ka kan wannan kujera. Ba a daɗe ba, wata safiya muka ji rugugi, muka fito muka tarar da katafila a gaɓarmu. Wani Alhaji ne daga birni, ba zan kama sunansa ba, ka fi ni saninsa. Mutanensa suka nuna wa mai gari izini mai hatimin ofishinka, cewa an ba shi wurin ya yi noman rani na alkama da albasa, tun da ƙasa ce wadda ba mai noma ta.

Gaskiya ne ba mai noma ta. Ku kuka ce mu bar ta.

Abin da mata suka yi shekaru suna shayarwa da tulu, katafila ta kwantar da shi kafin kasuwa ta zagayo. Ba dashenmu kaɗai ba, har tsofaffin giyayyun da garin ya ci sunansu. Motoci suka zo suka kwashe itacen zuwa birni. Aka nome jema aka ƙone. Aka kafa injunan ban ruwa, aka ja waya mai ƙaya ta tare mashayar da kuka ce ita kaɗai aka yarda shanu su bi.

Ardo Buba ya zo har makaranta ya tsaya a ƙofar ajina, sandarsa a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, mun bar ciyawa don itace. Ina itacen?" Ya juya ya tafi. A ranin da ya biyo baya bai zo ba, na ji ya kwashi iyalinsa da shanunsa sun yi kudu. Nonon da matansa ke kawowa kasuwarmu ya yanke, takin da shanunsa ke bar mana a gonakin tudu ya yanke. Garba Mai-albasa kuwa, da yunwa ta matsa, ya je ya kama ƙwadago a wurin Alhaji. Na gan shi da idona yana cirar albasar wani a kan ƙasar da ubansa ya bar masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo a aikin ofishinka.

Mun zo ƙara, ni da mai gari da sabon sarkin ruwa. Aka ce ba ka nan. Mataimakinka ya fito ya same mu a baranda, bai ce mu zauna ba, alhali a shekaru mai gari ya haife shi. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya aika aka ɗauko sabon hoto aka warware a kan tebur. Ya nuna gaɓarmu. Ja ce jawur, faɗinta ya fi na kowane lokaci. Ya ce, "Ga shi nan. A duk yankin nan ba gaɓar da ta kai taku lafiya. Me kuma kuke so?"

Na ce masa, ranka ya daɗe, wannan jan ba itace ba ne, alkama ce da albasa da ke shan ruwan inji. Da rani aka ɗauki hoton. Nan da ɗan lokaci za a girbe, ƙasa ta zauna tsirara, damina ta same ta haka. Saiwar alkama ba ta riƙe gaɓa. Na roƙe shi ya ɗauko hoton da aka ɗauka bayan girbi a gwada su. Na kuma nuna masa ruwan da ke ƙasa da gonar, wanda a hoton ya yi fari-fari maimakon baƙi, na ce ma'aikacinku ne ya koya mana cewa alamar laka ke nan, ƙasa ce ke zubewa a gulbi. Sai ya nannaɗe hoton ya ce, "Malam, kai da tauraro wa ya fi gani?" Masu jiran layi suka yi dariya. Muka juya. 

Bayan wannan muka ji a rediyo ana yabon ofishinka, wai aikin raya bakin gulbi ya yi nasara, kuma hotunan sama sun tabbatar.

Ina so ka fahimce ni. Ban zargi na'urar ba. Ba ta yi ƙarya ba a hoton farko, ba ta yi ƙarya ba a na ƙarshe. An tambaye ta ina ganye, ta nuna ganye. Mutum ne ya zaɓi hoton da zai nuna da wanda zai bari a kabad, mutum ne ya ƙi takowa ya duba, alhali daga ofishinku zuwa gaɓarmu ba tafiyar yini ba ce. Lokacin da kuke neman talaka ya bar gonarsa, kun iya karanta hoto dalla-dalla. Lokacin da mai kuɗi ya share gaɓa, sai karatun ya gagare ku.

Na biyar, daminar bara.

Ruwan bara ba shi ne mafi girma da gulbin nan ya taɓa kawowa ba. Tsofaffi sun ga wanda ya fi shi, gaɓa ta tsaya. Amma bara ya tarar da ƙasa ba saiwa. Tun farkon cikowa muka ga tana guntulewa kaɗan kaɗan, ruwa ya koma ja kamar kunun kanwa. Muka cika buhuna da yashi muka jera, ruwa ya tafi da su. Alhaji kuwa tun kafin ruwan farko ya kwashe injunansa.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Muka ji ƙara kamar an harba bindiga, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Da muka ruga muka tarar gonar Alhaji ta tafi gaba ɗaya, ta ja gefen maƙabarta ta tafi da shi. Ranka ya daɗe, ban so in rubuta wannan ba, amma tun da ba wanda ya zo ya gani, dole in rubuta. Mun ga likkafani a kan ruwa. Mun ga abin da ƙasa ta rufa wa asiri a fili, a jikin gaɓar da ta tsage. Masunta suka shiga jirage da komar da suke kama kifi da ita, suna tare iyayensu. Manyan mutane masu furfura suna kuka a fili, ba mai ba wani haƙuri.

Abin da muka samu muka haɗa, muka haƙa rami ɗaya a kan tudu muka rufe. Liman ya ce kada mu damu da rarrabewa, Wanda ya halicce su ya san kowa. Kabarin Saratu yana layin gaba, wanda ya fi kusa da ruwa. Har yau ban sani ba ko tana cikin ramin nan na tudu, ko ruwa ya yi kogin Kwara da ita. Babbar 'yata Hauwa, wadda ke aure a Dangoma, ta zo washegari. Ta gaishe ni, ta zauna, can ta ce, "Baba, an same ta?" Na ce Allah ya sani. Ta tashi ta shiga ɗakin uwarta ta rufe ƙofa.

Daga ofishinka ba wanda ya zo jaje. Ko masinja.

Mutanen garinmu masu kunya ne, ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni da na fi samun sauƙi. Idan na iso majalisa sai hira ta mutu. Idan na tsaya a ƙofar masallaci zan sanar da wani abu na makaranta, sai in ga ana sa takalma. Ranar da muka rufe ramin nan, Garba yana kusa da ni da shebur a hannu, shi ma ubansa yana layin gaba. Bai dube ni ba ya ce, "Malam, ka ce muna ta kowa ta. Ga ta nan, kowa ya samu." Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ja, ya dake ni. Amma ni aron bakina aka yi, masu maganar suna nan a ofis ƙarƙashin fanka.

Saboda haka, ga abin da nake roƙo, ni da wanda duk ya yarda in yi magana da yawunsa.

Ba diyya nake nema ba. Ban san farashin da za ku sa wa abin da ruwa ya ɗauka ba, kuma ba na so in ji.

Ina roƙo ka ɗauko hotunan gaɓarmu duka, na rani da na damina, tun daga na farko har wanda aka ɗauka bayan zaftarewar, ka zo da su da kanka ka shimfiɗa a gaban jama'a, ka faɗa musu da bakinka abin da ya faru. A wannan karon ku nemi wani tafinta.

Ina roƙo a bayyana wanda ya sa hannu aka ba da ƙasar da aka karɓa daga hannunmu da sunan gulbi, kuma a soke wannan izini. Abin da ya rage na gaɓar a mayar da shi hannun gari, a cire wayar da ta tare mashaya, ko Allah zai sa labari ya kai ga Ardo Buba ya dawo.

Na ji Alhaji ya samu wata gaɓar a gaba da mu, kusa da wani ƙauye da su ma aka taɓa kai musu hotuna. Ina roƙo kafin wani ma'aikacinka ya sake cewa wuri lafiya lau don ya gan shi ja a takarda, a tura shi ya taka ya gani ko itace ne ko albasa. In ba ku da mai yin haka, kun san inda kuka kai Nasiru.

Na ƙarshe kuma shi ne na gaggawa. Yanzu tsakanin masallacinmu da bakin ramin bai wuce jifa ba, makaranta tana bayansa. Gaɓar tana nan a tsage, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Muna bukatar duwatsu da mota da dashe kafin ruwa ya sauka. Jema mun fara haƙowa da kanmu. Matan da suka yi ban ruwa a karon farko sun ce ba za su sake ɗaukar tulu ba sai sun ji daga bakin hukuma cewa ba wani za a yi wa shara ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ranka ya daɗe, ni da kai duk masu tafiya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ina yi maka addu'a da zuciya ɗaya. Allah ya ba ka ikon gyara abin da ya ɓaci tun kana kan kujerar. Allah ya raya maka zuriya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Idan kuma taka ta zo, Allah ya sa a kwantar da kai a ƙasa mai riƙo, inda 'ya'yanka za su san wurin da kake.

Wassalam.

Umaru Sambo,
Malamin firamare, Tungar Giyayya, ƙasar Kalgo.